Yawon keke a tsibiran Scotland: fara da jadawalin jirgi

'Yan'uwana iyaye mata da ke zaune a Birtaniya, ga wata fita ta ƙarshen mako. A yammacin Scotland akwai hanyar keke mai tsallake ruwa sau biyar. Ana shiga tsibirin Arran, a bi ta Kintyre da Cowal, a faɗa tsibirin Bute, a fito ta Wemyss Bay. Tuƙin keken kusan kilomita 80 ne. Samari kan gama a yini guda, amma mai yara ta raba shi kwana biyu.

Jadawalin jiragen ruwan CalMac shi ne jagoran tafiyar. Ki rubuta lokacin jirgin ƙarshe a kowace mashiga, sannan ki ƙirga baya. Daga Brodick zuwa Lochranza a Arran kusan kilomita 23 ne, da doguwar hawa. Ɗan shekara goma zai sauka ya tura, sai ki ƙara awa guda. Jirgin Lochranza zuwa Claonaig a watannin zafi kawai yake kai-komo, kuma babu shago a wancan bakin ruwan. Iska ma kan sa a soke jirgi.

A matsayina ta ma'aikaciyar jinya: hular kwano, rigar ruwa, ruwan sha da dabino. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu. Da dare ki duba jikin yara, domin kaskar can tana ɗauke da cutar Lyme.

Idan yaran ƙanana ne, Bute kaɗai ta isa. Minti 35 ne a jirgi daga Wemyss Bay.