Mun san hanyar Paris, mun manta hanyar Kano

Yau maganar za ta ɗan yi ɗaci, ku yi mana haƙuri.

Kowace shekara sai mu ji an sayar da gona ko an kaɗa shanu kasuwa, wai yaro ya gama lisansi ta shari'a a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko ta Tawa, za ya tafi waje ya yo mastar. Mu yi walima, mu raka shi tasha. Amma ko sau ɗaya ba mu ji wani dattijo ya zaunar da shi ya ce, "Kai yaro, shari'ar wa za ka karanto?" Sunan ƙasar kaɗai muke tambaya. In an ce Faransa sai guɗa.

To ai shari'a ba aikin likita ba ce. Zazzaɓin cizon sauro ɗaya ne a Mirya da Dakar, amma doka kowace ƙasa da tata. Tamu a rubuce gadon Faransa ce, a kanta yaranmu ke zama shekara uku ko huɗu. Sai kuma su ɗauki kuɗin gona su je Bordo ko Tulus a sake karanta musu ita da wani launi. Su dawo da takarda mai kyan hatimi, takardar da ba ta maida mutum aboka: sai ya ci jarrabawar CAPA, ya yi shekarun horo ƙarƙashin babban lauya, daidai da wanda bai taɓa ƙetare iyaka ba. Kuma ko ya zama, a Yamai zai buɗe biro kamar yawancinsu, kilomita wajen 900 daga nan, alhali muna da kotun ɗaukaka ƙara a cikin Zinder.

Kar wani ya ce muna ƙin karatun waje. A'a, cewa muke a tafi, amma a tafi neman abin da babu a gida.

Me ne ne babu? Ku dubi Kasuwar Dole. Kayan da ke cikinta, nawa ne bai biyo ta Kano ba? Ɗan kasuwarmu ya ba da kuɗi a Kantin Kwari ko Dawanau, aka ci amanarsa, wa zai karanta masa takardar da ya sa wa hannu? Dokar kasuwancinmu ta OHADA ce, yarjejeniyar da aka ƙulla a 1993, ƙasashe 17 ke cikinta yau, babbar kotunta na Abijan. Najeriya ba ta ciki. Can tsarin Ingilishi suke bi, inda hukuncin da manyan alƙalai suka yanke a baya yake zama doka. Wato da ka wuce Matamaye ko Magarya ka shiga ƙasar Daura, ilimin lauyanmu ya tsaya a bakin iyaka tare da jandarma. Sai alhaji ya koma neman sulhu wurin shugaban kasuwa, in an dace ya samu rabi, in ba a dace ba ya bar wa Allah.

Kano kuwa kilomita kamar 240 ce. Jami'ar Bayero na da tsangayar shari'a, Jami'ar Ahmadu Bello ma na da tata a Kongo, Zariya, kuma dukansu suna koyar da dokar Ingilishi tare da shari'ar Musulunci. Wannan ta biyun ma ba ƙaramin abu ba ce gare mu. A kotunanmu maganar aure, saki, gado da gonar da ba ta da takarda, al'ada ake bi, alƙali na zaune da masu ba shi shawara kan al'ada, al'adar tamu kuma kowa ya san Malikiyya ce ta jiƙa ta. Yaron da ya yi shekara biyu a Turai sai ya zo gaban rabon gado ya rasa ta cewa, malamin zaure yana gyara masa lissafi.

Ga kuma babbar magana. Matatar SORAZ tana nan bayan gari tun 2011, kashi 60 na kamfanin CNPC na Sin, 40 na ƙasa. Bututun Agadem ya kai ɗanyen mai har gaɓar teku a Benin. Kamfanin Orano, bayan an karɓe masa lasisin Imuraren a 2024, ya kai Nijar ƙara gaban masu sasanci na ƙasa da ƙasa. Irin wannan shari'a fanni ce mai zaman kanta, ana yin mastar a kanta kaɗai, kuma manyan ofisoshin lauyoyin da suka ƙware a kai suna Landan, Paris da Washinton, da awa ake biyansu. Muna ta kirarin ƴancin kai, to ƴancin kai har da wanda zai karanta maka kwangila kafin ka sa hannu. A nan ne ya kamata kuɗin ƙasa su shiga. Digirin LL.M. na Amurka shekara ɗaya ne, an tsara shi don wanda ya riga ya karanci shari'a a ƙasarsa, amma a manyan jami'o'i kuɗin makaranta kaɗai ya haura miliyan 30 na sefa. Wace gona ce a Tanut za ta biya wannan?

Za a ce mana Turancin Ingilishi fa? Shekara ɗaya ta isa yaro mai himma, a garin da zai yi cefane da harshen uwarsa. Za a ce mastar ta Kano ba ta ba shi damar tsayawa gaban alƙalin Najeriya. Gaskiya ne, wannan sai wanda ya bi ta makarantar horon lauyoyinsu. Amma zai iya karanta takarda, ya san lauyan da zai kira da abin da zai tambaye shi, kuma alhajin Dole bai nemi fiye da haka ba.

Don haka muna kira ga hukumar ANAB mai ba da bursi: a ware wa shari'a gurabe da sunan fanni, sasanci, man fetur, ma'adinai, dokar Ingilishi, da sharaɗin dawowa a yi wa ƙasa aiki, wasu kuma a jihohi. Jami'o'inmu su zauna da Bayero da Zariya a daidaita takardu. Manyan ƴan kasuwar Damagaram kuma, ku da kuke kai mutane Makka kowace shekara, Allah ya saka, ku haɗu ku ɗauki nauyin yara biyu kacal su je Kano. Wanda ke da ɗa mai shirin tafiya bana, ya faɗa mana a ƙasa wace shari'a za ya karanto.