Jini a Fitsari Ba Alamar Balaga Ba Ce

Jama'a, har yaushe za a riƙa ganin yaro na fitsari da jini a ce ai girma ne ya zo masa?

Tsargiya ce. Tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗi a kududdufi da hanyoyin ruwan noman rani, ta huda fatar yaron da ya shiga wanka, ta je ta zuba ƙwai a bangon mafitsara. Shi ya sa jinin ke ɗigowa a ƙarshen fitsari. Tun 1851 Theodor Bilharz ya gano ta a Alƙahira. A Kura da Kadawa, inda ruwan Tiga ke ratsa gonaki, ba baƙuwa ba ce.

Maganinta, praziquantel, kamfanin Merck na bayar da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya domin yara. Ana rabawa a aji, a ɗauki hoto, a rubuta rahoto. To almajiri fa? Ɗan kiwo fa? Wa ya bi su rafi?

Sai mai kemis. Dattijo ya zo yana sunkuyar da kai, ya ce ya ga ja a fitsarinsa. Kafin ya rufe baki an ce "sanyi ne, Baba", an ƙulle masa kafso a leda. Bayan kwana biyu jinin ya ɗauke da kansa, mai kemis ya ci yabo. Alhali jinin da ke zuwa ba zafi, ya tafi ya dawo, ga mutumin da ya manyanta ko ya daɗe yana shan taba, shi ne likitoci suka fi tsoro, domin haka sankarar mafitsara ke sallama.

Wasu ma'aikatan asibitin ma, masu farar riga da rantsuwa, ba su fi mai kemis ba. Tambaya nawa ce za su yi wa mara lafiya? A farko jinin ke zuwa, ko a ƙarshe, ko fitsarin ne duka ja? Akwai murɗa a kwiɓi irin ta tsakuwar ƙoda? Zazzaɓi? Sikila a dangi? Yana shan rifampicin na tarin fuka, mai rina fitsari? Sannan a karɓi fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan tsargiya ya fi fita, a duba a madubin likita, a yi hoton ƙoda da mafitsara, in ta kama a leƙa ciki da na'ura.

Wanne ne a ciki ya fi ƙarfin babban asibitin da ke karɓar kuɗin kati kowace safiya?