Ba Kowace Difloma Ce ND Ba

Da an buɗe ɗaukar aikin Sibil Difens ko Hukumar Gyaran Hali, sai matasan Anka, Gummi da Bukkuyum su cika shagunan intanet. A nan wasu ke gano takardarsu ba ND ba ce.

Diflomar shari'a irin ta Kwalejin Aminu Kano tana da amfani ga mai son aikin kotu, amma ba ta mayar da mutum lauya. Sai da digiri da Makarantar Horon Lauyoyi. Mai ND kuwa, a waɗannan hukumomi, da mataimakin sufeto yake farawa.

Ƙannena, kafin Baba ya sayar da gero ya biya rajista, ku tambayi makarantar: NBTE ta amince da kwas ɗin? A nuna muku a rubuce.