Libiya: Suna kaɗai bai isa shaidar asalin dabinon Fezzan ba

A kasuwar Sabha, da suna ake cinikin dabino: Talis, Tasfert, Tagiyat. Mai saye ya ɗanɗana ya biya. Manomin da ya sayi dashe kuwa, sai ya yi shekara huɗu ko biyar yana ban ruwa kafin ya san ko abin da aka faɗa masa gaskiya ne.

Dabino yana da namiji da mace. Idan aka shuka ƙwallo, kusan rabin abin da zai tsiro maza ne da ba sa 'ya'ya, matan kuma ba lalle su gaji uwarsu ba. Tsiron da ake cirewa daga gindin uwa kuwa yana maimaita ta sak. Yawancin dabinon arewacin Najeriya daga ƙwallo ya fito, shi ya sa ake samun bishiyoyi biyu a gona ɗaya, kowace da irin zaƙinta.

Nan ne gwajin ƙwayoyin halitta ya shigo. A 2014, masana daga Italiya da Libiya sun wallafa binciken da suka yi a dausayin Jufra, arewa maso gabas da Sabha. Sun gwada bishiyoyi mata 377 na iri 18 da maza 63, suna duba wurare 16 a jikin DNA inda bishiyoyi ke bambanta da juna. Ganye kaɗan ya wadatar, ba sai an jira 'ya'ya ba.

Amfanin ya wuce kama mai algus. A Maroko, cutar Bayud ta kashe bishiyoyin dabino sama da miliyan 10 cikin kusan ƙarni guda, kuma ta fi cin nau'o'in da kasuwa ke so, irin su Majhul. Yankin da ya tattara gonakinsa a kan iri ɗaya ko biyu yana ɗaukar wannan kasadar. Nau'in da dillali ke rainawa yau mai yiwuwa shi ne ke jure cuta ko ruwan gishiri, amma sai an san shi kafin a adana shi.

Hausawan da ke aikin gona a kewayen Sabha sukan koma gida da ƙwallon dabinon da ya burge su. Su sani ƙwallon Talis ba ya haifar da Talis. Ɗaukar dashe kuma yana iya ƙetarar da cuta ko ƙwaro zuwa Bilma da Ingal. Gara cibiyar binciken dabino ta Dutse a Jigawa da takwarorinta na Nijar su fara da tantance nau'o'in da ke gida.