Ra'ayinmu: Dokar wiwi da maganar iri

Tun da majalisar dokokin Ghana ta gyara dokar miyagun ƙwayoyi a watan Yulin 2023, bayan kotun ƙoli ta soke sashe na 43 a 2022, ake ta yaɗa magana a zanguna da tashoshin mota cewa wai an halatta wiwi. Wasu kuma suna kafa hujja da Jamus, inda tun 1 ga Afrilun 2024 aka yarda baligi ya shuka gindi 3 a gidansa, har ƙungiyoyi masu rajista suna iya ba mutum ƙwayar iri 7 ko reshen dashe 5 a wata. To, wannan dokar Jamus ce. A nan Ghana, wanda ya shuka a bayan ɗakinsa, ko da iri ko da reshe, ya aikata laifi. Abin da aka yarda shi ne ministan cikin gida ya ba da lasisi don masana'antu da magani, kuma sinadarin THC mai sa maye kada ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari.

Wannan adadi shi ne abin da ya dami wannan jarida, domin a kan iri ya rataya. Duk manomi ya san bambancin gero da rogo. Gero iri ake shukawa, kowane gindi ya fito da halinsa. Rogo kuwa kara ake yankawa a dasa, ya fito tamkar uwarsa. Haka wiwi yake. Ƙwayar iri tana iya ba da namiji ko tamace, kuma ƙarfin wani gindi ya fi na wani, alhali reshe yana ɗauko halin uwar gaba ɗaya, har da cutarta in tana da ita. Irin da aka saba nomawa a ɓoye a ƙasar nan don maye aka zaɓe shi, ya zarce 0.3 nesa ba kusa ba. Ke nan mai lasisi dole ya nemi iri daga waje, da kuɗin waje. Kuma irin Turai an gina shi ne a kan doguwar ranar bazararsu; a wurinmu da dare da rana suke kusan daidai, yakan yi fure da wuri, ya tsaya gajere. Idan aka auna amfanin gona aka ga ya haura iyaka, wa zai ɗauki asarar, manomi ko wanda ya sayar masa da irin?

Maroko ta riga mu ganin wannan. A tsaunukan Rif, irin waje ya ture na gida da ake kira Beldiya, ya kuma fi shi shan ruwa, sai bayan dokar 2021 hukuma ta koma tana ƙarfafa noman na gidan.

Don haka muna kira ga ma'aikatar cikin gida da Hukumar Yaƙi da Miyagun Ƙwayoyi da su danƙa gwajin iri ga cibiyoyin binciken noma na Fumesua da Nyankpala, a gwada shi a ƙasarmu kafin a sayar wa kowa, a kuma bayyana a fili wanda zai biya idan iri mai takarda ya haura iyaka. Sarakunan zango da limamai su ma su sanar da matasa cewa lasisi na gona ne mai rajista, bai shafi tukunyar bayan gida ba.