Mu Ƙaru da Sani: Tagullar da Wuta Ta Dafa

In muka feɗe wayar lantarki ta gidanmu, za mu ga jan ƙarfe a ciki, wato tagulla. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tagullar da ake haƙowa a duniya daga ƙasar Cile take fitowa, can Amurka ta Kudu. Me ya tara ta a can?

Ɓawon duniya a tsattsage yake, falle-falle, suna motsi a hankali. Fallen da ake kira Nazka, wanda ke ƙarƙashin tekun Pasifik, yana kutsawa ƙarƙashin Amurka ta Kudu, misalin faɗin yatsu huɗu kowace shekara. Duwatsunsa sun sha ruwan teku. In ya nitse kamar kilomita 100, sai zafi ya matse ruwan, ya hau cikin dutsen da ke bisansa. Yadda kanwa ke sa wake ya nuna da wuri, haka ruwan nan ke sa dutse ya narke da wuri.

Narkakken dutsen sai ya taso. Wani ya fito ta bakin duwatsu masu aman wuta na tsaunukan Andis, wani kuwa ya tsaya 'yan kilomitoci a ƙarƙashinsu. Yayin da yake hucewa yakan saki ruwan zafi mai gishiri, ɗauke da tagulla da farar wuta, wani lokaci har da zinariya. Ruwan ya farfasa dutse, ya bi tsagogi, ya bar kayansa a ciki.

Haka ma'adinin Cukikamata ya samu, shekara fiye da miliyan 30 da suka wuce. An soma babban haƙa a wurin a 1915, a 2019 kuma aka shiga haƙar ƙarƙashin ƙasa. A irin waɗannan wurare, sau da yawa tan guda na dutse ba ya ba da kilo 10 na tagulla.

Amma arzikin nan da haɗarinsa. Motsin da ya tara tagullar shi ne ya kawo girgizar ƙasa ta Baldibiya a 1960, wadda ba a taɓa auna mai ƙarfinta ba.

Saboda haka kada mu jefar da tsohuwar waya a juji. Tagulla tana narkuwa a sake aiki da ita, ramin da aka kwashe kuwa ba zai sake cika a zamanin jikokinmu ba.

Sai wata mai zuwa.