Kafin a sake raba injin ban-ruwa, a auna ruwan rani

Jama'a, duk shekara idan hukumar NIHSA ta fitar da hasashen ambaliya, rediyo da Facebook sai su ɗauka. Daidai ne, ambaliya tana cin rai. Amma mu nan Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, akwai abin da ke karya manomi shiru-shiru, wato ƙafewar ruwa daga Fabrairu zuwa Afrilu. A duk tarukan jam'iyya da na zauna, ban taɓa ganin wanda ya miƙe a kansa ba.

Bara ƙanin mahaifina ya samu injin ban-ruwa a rabon da aka yi, har da hoto. Ya ci bashi ya dasa tumatir a bakin rafi, shi da maƙwabtansa, kowa da injinsa. Tumatir na fure, ruwa ya janye. Suka yi ta haƙa yashi suna bin sa har suka gaji. Yanzu inji yana ɗaki, bashi yana wuya. Wanda ya raba ba da mugunta ya yi ba, amma fa bai tambayi inji nawa rafin zai iya ɗauka ba.

Kuma wallahi sanin wannan ba tsafi ba ne. Sandar awo mai lamba ake kafawa a ƙafar gada, mutum ɗaya ya riƙa karantawa kullum da safe yana rubutawa. A auna faɗin ruwa da zurfinsa, a jefa kara a ga saurin tafiyarsa, lissafi ya fito. Masana sai su ware kwana 7 a jere da ruwa ya fi ƙanƙanta a shekara, a kansu ake ɗora tsari. Rafin da ba shi da sanda kuma a kwatanta shi da maƙwabcinsa: faɗin ƙasar da ke zuba masa ruwa, yawan ruwan sama, da irin ƙasar.

Irin ƙasar nan ita ce maganar a wurinmu. Roni da Gwiwa da Kazaure tudu ne da duwatsu, ruwan sama ya zuba ya gangare. Babura yashi ne, ruwa nutsewa yake yi. To ta yaya mutum zai zauna a ofis a Dutse ya yi mana lissafi ɗaya? Sannan yawancin rafukanmu tsayawa suke cak da rani. Don haka abin rubutawa shi ne ranar da rafi ya daina gudu, da kuma kamu nawa ake haƙawa kafin a tarar da ruwa, wata bayan wata. Inda akwai dam, kamar Gari da Muhammadu Ayuba, a san abin da ya rage a ciki kafin a ce wa mutane su faɗaɗa. Kuma da shekarar fari ake lissafi. Iyayenmu ba su manta 1973 da 1984 ba.

Na san 'yan wancan ɓangaren za su ce Shugaban Matasa ya koma malamin makaranta, sanda ba ta kawo ƙuri'a. Su je su tambayi mutanen da tumatir ɗinsu ya ƙone wa za su zaɓa.

Abin da nake so ɓangarenmu ya sa a takarda: hukumar raya kogunan Hadejia da Jama'are da ma'aikatar ruwa ta jiha su kafa sanduna a manyan gadojin ƙananan hukumomin nan 4, a ba ɗaliban kwalejin Hussaini Adamu aikin tattara alƙaluman, a liƙa sakamakon a kowace sakatariya kafin Nuwamba. Duk ɗan takarar da zai zo mana da tirelar injuna, mu fara tambayarsa wannan takardar.